Takardata, Hannun Yaya Habsu

Rakiya, saboda ke nake wannan rubutu. Ni ba tsohuwa ba ce, har yanzu a kan bencin karatu nake, ban kai in zauna in ce ga tarihin rayuwata ba. Amma akwai shekara guda a cikinta da ba zan bari ki ji ta daga bakin wasu ba. Ranar da kika dawo daga karatu a lakwal idonki a kumbure, takalminki ɗaya a hannu, kika ƙi taɓa tuwo, ni na zauna kusa da ke a gindin dalbejiya har kika yi magana. Kika ce kin faɗa wa 'yan ajinku uwarki ta taɓa tsare wa ƙasar nan raga, malamarku ta duba a waya, ta ga jerin sunayen 'yan wasan, babu Habsu Illa a ciki, sai Sa'ade Illa. Aka yi ta miki dariya, ana cewa kin ari ƙanwar uwarki kin mai da ita uwa. Ba ki yi ƙarya ba. Sa'ade Illa ni ce, kuma ƙafata ba ta taɓa dukan ƙwallo ba tun da aka haife ni. Ga yadda aka yi sunana ya hau kan aikin uwarki.

Yaya Habsu ita ce 'yar fari a gidanmu. Kin san abin da hakan yake nufi a wurinmu, ko da yake ke ba a yi miki shi ba. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta kallonta ido cikin ido a gaban mutane, ba ta yabonta, ba ta shiga faɗanta. In tana son a miƙo mata ludayi sai ta ce "ke", in tana maganarta da maƙwabta sai ta ce "waccan" ko "ta wajen Kaka". Baba ma haka. An haife ta a ɗakin Kakarmu, a wani ƙauye bayan Korgom, lokacin yankan hatsi. Baba yana saurayi sabon aure, kunya ba za ta bar shi ya taka zuwa ofis ya buɗe baki ya ce an haifa masa 'ya, sunanta wance ba. Aikin kakanmu ne ya je, shi kuwa bai ga abin da takardar Nasara, ta gwamnati, za ta ƙara wa jaririyar da aka yanka wa rago ba. Da aka yaye ta aka bar wa Kaka ita. Ni kuwa bayan shekara huɗu aka haife ni a gidan likita a Tasawa, Baba ya je da kansa aka rubuta ni, ya dawo da takarda mai tambari biyu, aka sa ta cikin leda aka ajiye a ƙasan akwatin Inna. Uwa ɗaya, uba ɗaya, amma a wurin gwamnati ni kaɗai aka haifa.

A ƙauyen nan hannunta ya koyi aikinsa. Kaka ba ta da namiji a gida, don haka in an kawo hatsi Yaya ce take hawa bakin rumbu, ana jefo mata dami daga ƙasa tana cafewa tana jerawa. In ana yaɓen ɗaki ita ce a sama, ana wurgo curin laka. Ta gaya mini ba ta taɓa barin ɗaya ya faɗi ba, don in ya faɗi ita za ta sauko ta kwashe. Da Kaka ta rasu aka dawo da ita Tasawa, budurwa doguwa mai faɗin tafin hannu, ba ta san harafi ko ɗaya ba, tana kallon gidanmu kamar gidan da ta zo biki. Inna ta kafa mata kaskon awara a ƙofar kolej ɗinmu. Ina aji na huɗu a lokacin, shekarar jarrabawar BEPC ta gama kolej, kuma in faɗa miki gaskiya, kunyarta nake ji. In an fito shan iska sai in bi ta bayan aji don kada ta kira ni a gaban 'yan matan gari.

Akwai wani malamin wasanni, Mushe Isufu kamar yadda muke kiran malamai da Faransanci, da ya tara 'yan mata yana koya musu ƙwallo a wani fegi bayan katanga, wurin da ake zubar da shara, saboda babban fili na maza ne daga safe har faɗuwar rana. Wata ranar Alhamis ina tsaye jikin katangar ina kare fuskata da littafi, sai aka buga ƙwallo ta tsallake, ta nufi kaskon mai yana tafasa, ga 'yan yara mata biyu a tsugune gabansa suna jiran awara. Yaya na riƙe da matsami a hannun dama. Ba ta ko tashi daga kan kujerar ba. Ta miƙa hagu ta ɗauke ƙwallon a iska kamar an miƙo mata, ta ajiye ta ƙarƙashin ƙafarta, ta ci gaba da juya awara. Na lura ko ɗigon mai bai zuba ba. Mushe Isufu ya leƙo ta kan katanga, ya daɗe yana kallonta.

"Ke, ɗiyar wane ne?"

"Ta Malam Illa ce, mai gyaran keke."

"Sake cafe wannan in gani."

"In ka sayi awara."

Ya sayi awarar, ya jefa, ta cafe. Ya sake jefawa da ƙarfi gefe, ta saki matsamin ta cafe da hannu biyu. Daga ranar, in ta sayar ta kife kasko, sai ta ɗaura zane a kan dogon wando ta shiga tsakanin duwatsu biyu da suke kira raga. Baba bai hana ba, bai kuma yarda ba. Abin da ya shafi 'yar fari ba ya sa baki a ciki, sai ya yi kamar bai gani ba. Wannan kunyar da ta hana ta takarda, ita ce kuma ta ba ta fili. Da ni ce, da tun ranar farko an zaunar da ni.

Kafin sanyi ya wuce aka kai su Maraɗi wasa, wata ƙungiyar mata ta can ta ce tana son ta. Mushe Isufu ya zo gidanmu da la'asar ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya ce ana bukatar takardar haihuwarta da hoto huɗu kafin ranar Litinin, don a yi mata katin ɗan wasa. Baba ya yi ta murza wata tsohuwar sarkar keke a hannunsa. Aka aika aka kira Kawu Lawali, wan Inna, wanda ya taɓa aikin masinja a ofis, saboda haka duk abin da ya shafi takarda a danginmu shi ake tambaya. Ni ina bayan ƙofa da butar shayi, ba wanda ya lura da ni. Dama ba a cika lura da ni ba.

Mushe Isufu ya ce, "In babu, ana iya zuwa wurin alƙali da shaidu biyu a yi mata. Sai dai zai ɗauki lokaci, kuma sai iyaye sun tsaya sun hwaɗi suna da shekara."

Baba ya ce, "Ni in tsaya gaban alƙali in... A'a, Mushe. Ba a yin haka."

Kawu ya yi dariya ya ce, "Ku mi kuke wahalar da kanku? Ba ga takardar ƙaramar nan ba? Uba ɗaya, uwa ɗaya, jini ɗaya. Takardar haihuwa ba ta da hoto. Wa za ya zo daga Maraɗi ya ƙirga ɗiyan Illa?"

"Kuma in yarinyar ta bukaci abinta?"

"Hoton takardar za a ɗauka a maido. Ita wannan da ko gaisuwa sai an matse ta, ina za ta da suna?"

Suka yi dariya, har Baba. Ba wanda ya tambaye ni, ba kuma wanda ya tambayi Yaya. Inna ce ta buɗe akwati ta miƙo mini ledar, ta ce in kai wa Kawu, kuma da hannuna na kai. Wannan ina so ki sani, don kada ki ɗauka ina wanke kaina. Da yamma Yaya ta same ni ina wanke kwanoni, ta tsuguna ta karɓi soson, ta ce, "Aro ne, Sa'ade. Zan maido miki." Na ce to. A raina har wani daɗi na ji, wai yau ina da abin da za a ara a wurina.

Takardar ta dawo, amma sunan bai dawo ba. A Maraɗi Sa'ade suke kiranta, ta ce sati biyu ta yi ana kira tana waige-waige tana neman inda nake. Bayan 'yan watanni aka zo daga Yamai ana zaɓen waɗanda za su buga wa ƙasa, aka ɗauke ta. Yanzu kuma fasfo ake nema, fasfo kuwa a kan sunan da yake jikin kati ake yin sa. Mushe Isufu ya sake zuwa, wannan karon a tsaye ya yi magana, ya ce a gyara tun abin bai yi nisa ba. Kawu ya ce in aka taɓa yanzu za a ce an yi ha'inci, a kore ta, wataƙila ma a ɗaure wani. Mutanen Yamai ba su san komai ba, takarda suka gani, fuska suka gani, suka buga tambari. Haka uwarki ta shiga jirgin sama, ita da ba ta taɓa wuce Maraɗi ba, da fuskarta a sama da sunana a ƙasa.

An ci su a wasan. An ci su da yawa. Ba zan rubuta adadin ba, duk mai so ya duba waya, tunda abin da aka ga damar ajiyewa ke nan game da su. Da la'asar aka faɗa a rediyon telan da ke ƙofar gidanmu, aka karanta sunayen, aka fara da mai tsaron raga, Sa'ade Illa. Ina dawowa daga ɗebo ruwa na ji sunana ya fito daga cikin akwatin, sai da bokitin ya karkace. Mazan da ke zaune a bencin tela suka kwashe da dariya, ɗaya har da buga ƙafa.

"Illa! Ashe raga ɗiyarka ta tafi buɗewa, ba tsarewa ba!"

"Ku bar ta, awara take juyawa a ciki."

"Mata da buga balo! Da an ba mu kuɗin jirgin mun sha shayi."

Baba ya sunkuyar da kai a kan tayar da yake liƙewa. Har yau in na tuna mutanen nan sai raina ya ɓaci. Su ne suka hana 'yan mata babban fili. Su ne in yarinya ta fito da wandon wasa suke bin ta da ido da baki har ta shige lungu. Babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa zuwa ya ga inda uwarki take faɗuwa, a kan tsakuwa da fasassun kwalabe, da safar hannu ta aro wadda yatsu biyu suka huje. An tara 'yan mata daga garuruwa, wasu ba su taɓa taka ciyawar fili ba, aka ba su 'yan kwanaki tare, aka tura su gaban waɗanda suka shekara da shekaru suna wasa. Sannan wanda bai taɓa gudu daga nan zuwa tasha ba ya zauna a benci yana ƙirga musu ƙwallaye. An ƙirga waɗanda suka shiga. Waɗanda ta tare fa, wa ya ƙirga? Ta gaya mini tun kafin a tafi hutun rabin lokaci ƙaramin yatsanta na hagu ya karye, ta naɗe shi da na kusa da shi, ta koma, don wadda za ta canje ta tana kuka a benci saboda tsoro. Wannan ba ya cikin waya.

A kolej kuwa ni na sha. In na shigo aji sai wani ya jefo mini alli ya ce, "Gola, cafe!" Ya faɗi ƙasa, a yi ta ihu. Kowa ya san ba ni ba ce. Garin nan kaf ya san wadda take soya awara a ƙofa, ya san wadda take ɓuya bayan littafi. Amma ba wanda ya ga abin mamaki a ciki, don kusan kowane gida akwai mai yawo da takardar wansa ko ta ƙanwarta, ko ta wanda ya rasu. Na yi kuka a kan tsokanar, na ji haushin Yaya, na ce ta ɓata mini suna. Ki ji fa. Ni da ban yi komai ba nake ganin an ɓata mini, ita da aka shafe ta gaba ɗaya ban tuna da ita ba.

Ta dawo da zafin bazara, da wata jaka mai launin tutar ƙasa, yatsan ya kumbura ya karkace waje kamar ƙugiya. Ta kawo wa Inna sabulu mai ƙamshi daga masaukinsu, guda uku ƙanana. Inna ta karɓa ba ta ɗago kai ba, ta ce, "An dawo?" Shi ke nan. Amma na ga inda ta sa sabulun, cikin akwatin nan, inda takardata take, kuma har yau ba ta yi wanka da ko ɗaya ba.

Sai ga bikin ranar mata. Aka aiko da takarda gidanmu cewa manyan gari za su karrama 'yar wannan yanki da ta sa rigar ƙasa, ana gayyatar Sa'ade Illa filin taro da ƙarfe tara na safe. Yaya ta sa na karanta mata sau biyu. Ta wanke rigarta mai lamba ɗaya, ta shanya ta a cikin ɗaki don kada rana ta ci launin. Kawu ya iso tun kafin mu karya.

"Wa za ya hau dandamali?" ya ce.

Yaya ta ce, "Wa ya tafi?"

"Ke ba ki da hankali. Cikin masu zama a rumfa akwai daraktan kolej, ya san Sa'ade ɗalibarshi ce, sunanta na cikin masu jarrabawa wata mai zuwa. Ga baƙi daga Maraɗi. In kika hau aka ce ke ce Sa'ade, wannan kuma wace ce a aji? A soke mata jarrabawa? A kama Illa? Mai suna ita za ta hau, ta amsa, ta sauko. Minti biyu ne."

"Kawu, ai kowa ya san..."

"Sani daban, hwaɗi daban. Ke dai ba yabo kike so ba? An yaba, a gida ɗaya za a rataye."

Yaya ta juya ta kalli Inna. Ban taɓa ganin ta kalle ta haka ba, kai tsaye, tana jira. Inna tana tankaɗen gari. Hannunta ya tsaya, na ga ya tsaya, sannan ya ci gaba. Ta ce wa Kawu, ba wa Yaya ba, "Yadda kuka gani." Baba ya riga ya fice. Sai Yaya ta juyo gare ni, ta ce, "Ke fa, Sa'ade?" Ita kaɗai ce a duk wannan shekara ta tambaye ni ra'ayina. Ni kuwa na tuna jarrabawa, na tuna shekara huɗu ina tafiya kolej a ƙasa, na tuna yadda zan tsaya gaban darakta. Na kalli ƙasa. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ta shiga ɗaki ta ciro rigar daga igiya, ta ninke ta, ta miƙo mini.

"Sa. Kada ki hau da atamfa, a ce 'yan ƙasa ba su da riga."

Rigar ta sauko mini har gwiwa. Tana ƙamshin sabulun wanki da wani abu kamar ciyawa. Da aka kira sunana a lasifika ƙafafuna suka kai ni, ban san yadda aka yi ba. Wani babban mutum ya miƙo mini takardar yabo a cikin gilashi, ya kama hannuna ya ɗaga sama, ya ce ga hannun da ya tsare mutuncin ƙasa. Hannuna, mai tabon tawada a yatsa. Aka yi tafi, aka yi guɗa. Darakta yana tafi. Tela yana tafi, da mazan bencinsa, waɗanda suka yi dariya ranar. Mushe Isufu kaɗai na ga ya juya baya ya fita. Daga saman nan na hango ta can ƙarshen taro, wajen masu sayar da ruwan sanyi, da tsohon zanenta na suya. Ita ma tafi take yi, a hankali, da gefen hannu, don yatsan bai warke ba. Lasifikar tana nan dab da bakina. Kalma biyu ce kawai: Habsu ce. Ban faɗa ba.

Na ci jarrabawar. Wannan shi ne abin da na saya da shiruna, kuma duk karatun da na yi daga baya a kansa yake zaune. Yatsan ya warke a karkace, ba ya lanƙwasuwa, da aka sake kira Yamai aka gwada ta aka sallamo ta. Ta koma kan kasko. Ba ta taɓa yi mini gori ba, da ma ta yi. Sai dai ta daina kirana Sa'ade, ta koma ce mini "'yar lakwal", kuma na san dalili. Bayan shekara ta auri babanki, wanda ita ta zaɓe shi, suka tafi Mayahi. Da ta haife ki, ke ma 'yar fari, kwana uku da haihuwa ta sa mayafi ta hau bayan babur ta je da kanta aka rubuta ki, tsofaffi suna salati. Kin san yadda take ƙwala miki kira tun daga bakin lungu in ta zo ganinki, tunda aka kawo ki wurinmu karatu, Rakiya, Rakiya, har maƙwabta suna cewa ba ta da ta ido. Yanzu kin san abin da ya sa.

Takardar yabon tana rataye a ɗakin Baba duk shekarun nan, kin sha ganinta. Ranar da kika dawo da kuka na sauko da ita, na kife ta a gaban Inna. Na ce an yi shela alƙali zai zauna a rumfar kasuwa ranar Talata don waɗanda ba su da takardar haihuwa, na kira Yaya a waya za ta zo, kuma ana son shaidu. Kawu ya ce ina tono abin da ya kwanta. Baba ya ce yana da aiki a Maijirgi ranar. Amma da Talata ta yi na fito na sami Inna a zaure da mayafinta na unguwa, ta riga ni shiri.

Layin yana da tsawo, yawanci mata da goyo. Muka kai gaban teburin wajen azahar, ni da Inna da Yaya da wata tsohuwa daga ƙauyen Kaka wadda ta ga haihuwar. Magatakardan ya gaji, bai ko ɗago ba.

"Wace ce uwar?"

Inna ta ce, "Ni ce."

"Sunan ɗiyar?"

"Ga ta nan, ta hwaɗi da bakinta."

"Ke ce shaida, Inna. Daga bakinki za ni rubuta."

Tsohuwar ta matso ta ce, "Ɗan nan, ta fari ce. Bari ni in hwaɗa."

"Ke ma za a zo kanki. Uwa tukuna."

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Matan da ke bayanmu suka fara 'yar dariya ta tausayi, wata ta ce a yi mata haƙuri mana. Yaya tana kallon teburin, ta ɗora hannunta na hagu a kai, yatsan nan a karkace. Na ga ta fara janye shi, na san za ta ce a bari, kamar yadda ta saba. Sai na ji bakina ya buɗe.

"Inna, ran nan a filin taro ni na yi shiru, ke kika yi shiru. Rakiya ce take biya yanzu. Don Allah."

Ban taɓa yi wa Inna magana haka ba, balle a kasuwa. Magatakarda ya ɗago kai, ya ajiye biro. Sannan Inna ta sauke mayafin daga bakinta, ta kalli katakon teburin, ta faɗa a hankali kamar mai taɓa abu mai zafi.

"Habsatu. Sunanta Habsatu. Ni na haife ta, da kaka, ranar Juma'a."

Ba kiranta aka yi ba, amsa ce aka ba magatakarda. Amma uwarki, mace mai 'ya, wadda ta tsaya gaban dubban mutane a ƙasar da ba ta san harshenta ba, ta ɗago kai da sauri ta ce, "Na'am, Inna."

Jerin da ke cikin waya bai canza ba, Rakiya, kuma ban san ko zai taɓa canzawa ba. Ni ban da ikon goge shi. Abin da nake da iko da shi na yi. Na buɗe bayan gilashin, na rubuta da babban baƙi cewa wannan ta Habsatu Illa ce, mai tsaron raga, na sa hannu, Inna ta dangwala yatsa a ƙasa. Ki kai wa malamarku wannan rubutun ta karanta wa ajin. In akwai wadda ta sake ce miki maƙaryaciya, ki ce ta zo gidanmu ranar da uwarki ta zo daga Mayahi, ta kalli hannuna, ta kalli na uwarki.